Ceto Bayanai Daga Rumbun Kwamfutar Tafi-da-gidanka Bayan Ta Mutu

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana halin da bayanai kan shiga idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta daina aiki, da kuma hanyoyin da akan bi a ceto su. Dalilin da ya sa muka ga ya dace a kawo wannan magana gaban taron malamai shi ne, a yau kusan duk abin da malami ko ɗalibi ya sha wahala a kansa cikin wannan na'ura yake kwana. Kundin digiri yana ciki, sakamakon jarrabawar ɗalibai yana ciki, haka nan hotunan takardun ajami da aka ɗauko daga gidajen malamai, da muryoyin dattawan da aka yi hira da su a ƙauyuka, waɗanda wasunsu ƙasa ta riga ta rufe musu ido. Littafin da aka buga, in ya ɓata ana iya sayen wani. Hirar da aka yi da tsohon maharbi ko sarkin maƙera wanda ya riga mu gidan gaskiya kuwa, ba ta da ta biyu.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, mutuwar kwamfuta daban, mutuwar bayanai daban. A ganinmu ma, asarar da ba ta da magani ba kasafai take aukuwa a ranar da na'urar ta tsaya ba. Takan auku ne cikin kwana biyu ko uku da suka biyo baya, a hannun mai ita ko a hannun mai gyara, sa'ad da kowa ke gaggawar ya ga ta sake kamawa. Daga baya za mu nuna cewa sababbin kwamfutoci sun zo da wani sauyi wanda ya juya wani ɓangare na wannan magana.

Dangane da kalmomi, abin da ake ajiye bayanai cikinsa mun kira shi rumbu, domin aikinsa ke nan. Tasoshin da ke juyawa cikinsa mun kira su faifai, abin da ke karanta su kuma allura, bisa aro daga garmaho, ko da yake za mu ga inda kamannin ya tsaya. Jerin sunayen fayiloli da wuraren da suke zaune kuwa mun kira shi fihirisa, kamar yadda malaman zaure ke kiran na littattafansu.

2. Gangar jiki da rumbu

Idan mutum ya ce kwamfutarsa ta mutu, abin da yake nufi shi ne ya danna maɓalli bai ga komai ba, ko kuwa ya ga haske amma aiki ya ƙi tashi. Wannan alama ɗaya tana iya fitowa daga wurare da dama. Caja tana iya ƙonewa, batir ya ƙare, fuska ta fashe ko fitilarta ta mutu. Babban allon lantarki, wanda masu gyara ke kira bod, yana iya ƙonewa sakamakon wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ko wutar janareta maras daidaito, ko shayin da ya zube a kan maɓallai. Wani lokaci ma ƙarfen duka lafiyarsa lau, manhajar Windows ce kawai ta rikice ta kasa tashi. Galibin waɗannan ba su taɓa rumbu. Misalinsu kamar gidan da zaurensa ya rushe ne, alhali rumbun hatsi na nan tsaye a bayan gida da geronsa ciki. Abin da ake bukata kawai a sami wata ƙofa.

Rumbu mai faifai tsohon abu ne a tarihin kwamfuta. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara sayar da shi a shekarar 1956, yana da faifai 50, faɗin kowanne inci 24, amma abin da yake ɗauka bai wuce harufa miliyan 5 ba, watau bai kai nauyin hoto guda mai kyau na wayar hannu ta yau ba. Wanda ke cikin kwamfutar tafi-da-gidanka jikansa ne, an ƙanƙanta shi har ya shiga aljihun riga. A cikinsa akwai faifai ɗaya ko biyu, galibi na gilashi, an shafe su da wani siririn ƙarfe mai karɓar maganaɗisu. Ana rubutu ne ta hanyar juya fuskar maganaɗisun a ƙananan wurare, kuma da zarar an juya ta haka za ta zauna, ko da wuta ko ba wuta. Wannan shi ne asalin dalilin da ya sa bayanai ba sa mutuwa tare da kwamfuta. An rarraba fuskar faifan gurbi gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, ko 4,096 a rumbunan da aka riƙa ƙerawa daga wajen 2010. Bisa ƙididdigar farko, rumbu mai gigabayit 500 yana da gurabe kusan miliyan 977.

Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 cikin minti ɗaya. A juyi 5,400, bakin faifan yana gudun da ya wuce kilomita 60 cikin sa'a. A nan ne kamanninsa da garmaho ya ƙare, domin allurar garmaho tana tafiya ne cikin tsagin faifai, ita kuwa wannan ba ta taɓa shi sam. Iskar da juyin ya tayar ita ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin gashin kai guda yana kai wa nanomita 70,000. Lalle ne a riƙe wannan adadi, domin da shi za a gane duk abin da za mu faɗa game da faɗuwa da ƙura.

To, idan an tabbata gangar jikin ce ta mutu, aikin ba mai wuya ba ne. Sai a cire caja, a raba batir da bod, a kwance murfin ƙasa, a zaro rumbun. Tun daga wajen 2003 aka fara komawa wani irin baki da ake kira SATA, wanda ya maye gurbin tsohon baki mai ƙusoshi 44, kuma tun da yake rumbun wutar bolt 5 kawai yake ci, ƙaramar adafta mai shiga ramin USB ta isa ta tayar da shi. Irin wannan adafta ba ta wuyar samu a kasuwannin kayan kwamfuta, kamar na titin Beirut a Kano. Idan aka haɗa rumbun da wata kwamfuta mai lafiya, zai bayyana kamar babbar filasha, a shiga jakar Users, a nemi sunan mai ita, a kwashe. Windows takan ce ba a da izinin shiga jakar. Wannan ba lalacewa ba ce, amincewar mai kula da kwamfutar ta biyu kawai take nema. Inda kuwa ƙarfen ke da lafiya Windows ce ta ƙi tashi, ba a ma bukatar sukudireba. Ana iya tayar da kwamfutar da manhajar Ubuntu daga kan filasha, ba tare da an girka ta ba, a kwashe fayiloli ta nan.

Akwai tarko guda a wannan mataki. Wani lokaci da an haɗa rumbun, sai kwamfutar ta ce ba za a iya amfani da shi ba sai an yi masa fomatin, ta kuma miƙo maɓallin amincewa. Abin da take nufi shi ne ba ta iya karanta fihirisar ba, ko don ta sami rauni, ko don an rubuta ta da tsarin da Windows ba ta sani ba, kamar na Linux. Amsar ita ce a'a, ko da sau nawa ta tambaya.

3. Idan ciwon na rumbun ne

Kunne shi ne kayan aiki na farko. Rumbu mai lafiya, in an ba shi wuta, za a ji ya tashi da ɗan huci, ya yi 'yar ƙara sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ya daidaita. In an ji shiru ɗungum, zato ya fi ƙarfi a kan ɗan allon lantarkin da ke manne a bayansa. In an ji wani siririn kuka kamar na sauro ba tare da juyi ba, to, allura ta maƙale a kan faifai ko injin juyawa ya cije. In kuwa an ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, allurar ce ke fita neman alamomin da take gane hanya da su, ta rasa, ta koma, ta sake fita. Wannan na ƙarshe yakan biyo bayan faɗuwa ko bugu, musamman idan kwamfutar na kunne aka jefa ta cikin jaka aka hau babur da ita.

A halin kukan sauro da na ƙas-ƙas, abin yi guda ne, watau a cire wuta nan take, kada kuma a sake gwadawa. Allurar da ta lanƙwashe tana kankare fuskar faifan ne a wancan gudu da muka ambata, garin da ta kankaro kuma yana yawo cikin rumbun yana shiga ƙarƙashin sauran alluran. Wurin da aka kankare ya tafi ke nan, babu gwanin da zai dawo da shi, domin ƙarfen da ke ɗauke da rubutun ya zama gari. Mai kunnawa sau goma yana cewa ko Allah zai sa ta kama, kowane kunnawa wani babi na kundinsa yake sharewa.

Gyaran irin wannan sai a ɗaki na musamman wanda ake tace iskarsa, ta yadda ƙwayoyin ƙura masu girman rabin mikiromita ko fiye ba za su wuce 100 cikin kowace ƙafa guda ta tsawo da faɗi da zurfi ba. A can ake buɗe rumbun, a ciro allura daga wani rumbu irinsa sak a dasa masa, don kawai ya rayu na sa'o'in da za a kwashe abin da ke ciki. A gwada wannan da teburin mai gyara a bakin titi cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yana zuba mana. Ƙwayar ƙura mai mikiromita ɗaya, wadda ido ba ya gani, ta ninka tazarar allura da faifai sau ɗari. Saboda haka duk wanda ya kwance murfin rumbu don ya leƙa, ya rage wa gwanin da zai zo bayansa abin da zai iya cetowa. Haka kuma maganar da ta yaɗu cewa a sa rumbu cikin firji ya kwana. Abin da akan samu shi ne raɓa a kan faifai da zarar an fito da shi cikin zafi, garin neman gira a rasa ido.

Allon lantarkin baya shi ma yana da nasa sharaɗi. Da yawa suna zaton in ya ƙone sai a ciro na wani rumbu mai lamba iri ɗaya a ɗaura. A rumbunan zamani wannan ba ya wadatarwa, domin akwai wata ƙwayar lantarki a kan allon wadda ke riƙe da ma'aunan da aka daidaita wa wannan rumbu shi kaɗai a masana'anta. Tilas a ɗauke ta daga tsohon allo a liƙa a sabon.

Don a ga iyakar abin da gwanaye ke iyawa, ga misali sananne. A ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sama yana dawowa duniya. Cikin tarkacen da aka tsinta a jihar Texas akwai wani rumbu ƙirar Seagate, ya ƙone ya narke ta waje, yana ɗauke da sakamakon wani gwaji da aka yi kan iskar zenon. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro faifan, ya tsabtace su, ya dasa su cikin wani rumbu, aka ceto kusan kashi 99 cikin ɗari na bayanan, har aka buga sakamakon binciken a 2008. Abin lura shi ne wurin da rubutun yake a kan faifan bai sami rauni ba. Wasu rumbuna biyu na cikin kumbon ba a sami komai daga gare su ba.

Amma ciwon da ya fi yawa a hannunmu bai kai wannan ba. Shi ne rumbun da ke juyawa, kwamfuta na ganinsa, sai dai ya yi nauyi, kwafi ya kai wani wuri ya tsaya, saboda wasu gurabe sun fara ruɓewa. Rumbu yana da tsarin lura da lafiyar kansa wanda ake kira SMART, amma ba abin dogara ba ne ɗari bisa ɗari. A wani bincike da ma'aikatan Google suka gabatar a 2007 kan rumbuna fiye da 100,000, sun sami cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ta wannan tsari ba kafin mutuwarsu. Sun kuma sami cewa rumbun da ya nuna kuskuren karatu na farko a binciken fuskarsa, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na sauran sau 39. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, rumbun da ya fara ciwo kwanakinsa ƙidayayyu ne, kuma kowane karatu da aka sa shi yana iya zama na ƙarshe.

Saboda haka ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kwafi kafin gyara. Ba a fara da neman fayil kaza ko jaka kaza, domin hakan yana sa allura ta yi ta kai da kawowa. Ana ɗaukar rumbun ne gaba ɗaya, gurbi bayan gurbi, a zuba cikin wani rumbu mai lafiya wanda ya kai shi girma ko ya fi shi, sa'an nan a ajiye majinyacin gefe, duk sauran aiki a yi shi a kan kwafin. Manhajar da ta yi suna a nan ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kuma kyauta ce. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa jayayya da gurbin da ya ƙi karantuwa. Takan tsallake shi ta kwashe duk mai sauƙi tukuna, sa'an nan ta dawo ta bi wuraren ciwo a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai, ta yadda in an ɗauke wuta a tsakiyar aikin da zai ci kwana biyu, za a ci gaba daga inda aka tsaya. Mu da muka san halin wutarmu ba sai an yi mana dogon bayani kan amfanin wannan ba. Ga rumbu mai ciwo, ya fi kyau a haɗa shi kai tsaye da bakin SATA na babbar kwamfutar tebur, domin adaftar USB takan sake shi da zarar ya yi jinkirin amsawa.

Abin da ya saɓa wa wannan ƙa'ida shi ne a saki manhajar gyara ta Windows, watau chkdsk, a kan rumbun asali. Aikinta shi ne ta daidaita fihirisa, kuma in ta ga shigarwar da ba ta gane ba tana iya yanke ta don lissafi ya daidaita. Fihirisa za ta fito tsaf, kundin mutum ya bi ruwa.

A kan kwafin ne ake duba fihirisar. A tsarin NTFS, wanda Microsoft ta fito da shi a 1993, kowane fayil yana da shigarwa mai bayit 1,024 cikin babbar fihirisa. Idan aka goge fayil, shigarwar ce kawai ake yi wa alamar cewa wurin ya zama fili. Rubutun na nan har sai an rubuta wani a kansa. Haka nan fomatin na gaggawa sabuwar fihirisa kawai yake shimfiɗawa. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista ta 2007, sifili yake bi yana rubutawa a kowane gurbi, kuma abin da aka rubuta wani a kansa sau ɗaya ya tafi. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta bayyana tun 2006 cewa shafe ɗaya ya isa ga rumbunan zamani. Manhajar TestDisk ta Christophe Grenier tana maido da rabon rumbu da ya ɓata. In fihirisar ta lalace ƙwarai, 'yar'uwarta PhotoRec takan bi gurabe tana gane fayiloli ta alamar da kowane iri ke farawa da ita. Sai dai abin da ta tsamo ba ya zuwa da suna ko jaka, lambobi ne dubbai, mai abu ya zauna ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ya kamata mu faɗi wata magana game da masu gyara. Mai gyara ba mugu ba ne, amma abin da aka kawo masa shi ne kwamfutar da ba ta tashi, kuma ladansa yana kan ta tashi. Hanya mafi sauri ita ce fomatin da sabuwar Windows, wadda za ta zuba gigabayit masu yawa a kan wuraren da fihirisa da fayiloli suke. Wajibin mai kwamfuta ne ya faɗa da bakinsa, tun kafin ya ajiye ta, cewa abin da ke ciki ya fi masa ita kanta. Mafi alheri ma ya sa a zare rumbun a gabansa, ya tafi da shi gida, a yi gyaran da wani.

4. Rumbu maras faifai

Duk abin da ya gabata ya shafi rumbu mai faifai, wanda har yanzu ke cikin tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ɗalibanmu ke saye. Sababbi kuwa kusan dukkansu sun koma wani iri da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi. Yana ajiya ne cikin ƙwayoyin lantarki irin na filasha, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980. Ya fi sauri, ba ya kuma tsoron faɗuwa. Amma ta fuskar ceto ya fi wuya, kuma ba ya kuka kafin ya mutu.

Da farko, akwai wata ƙwaya mai sarrafawa da ke warwatsa rubutu cikin sauran ƙwayoyin don kada wuri ɗaya ya riga saura tsufa, kuma ita kaɗai ta san inda ta kai kowane abu. In ta mutu, bayanan na nan amma a hargitse. Sa'an nan tun daga Windows 7 ta 2009 akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sanar da rumbun cewa an goge fayil kaza, shi kuma ya share wurin da kansa a lokacin da ba ya aiki. Ke nan tsohuwar magana cewa abin da aka goge yana nan har sai an rubuta wani a kansa ba ta aiki a nan. Barin rumbun da wuta kawai ya isa ya cinye shi. Har ila yau, cajin da ke riƙe da rubutun yana yoyo a hankali in babu wuta. Ma'aunin ƙungiyar JEDEC ya shar'anta cewa rumbun da ya kai ƙarshen ƙarfinsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya a zafin digiri 30, kuma zafi yana gaggauta yoyon. Wanda ya san ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu zai gane cewa jefa matacciyar kwamfuta cikin akwati har sai an sami kuɗi bayan shekara uku ba dabara ba ce.

In rumbun irin mai zaruwa ne, watau ɗan siririn allo da ake kira M.2, wanda mafi yawansa faɗinsa milimita 22 ne tsawonsa 80, ana cire shi a sa a adaftar da ta dace da shi, kamar dai na farko. Amma a ƙananan kwamfutoci masu araha, da kuma na Apple tun daga wasu ƙirar MacBook Pro na 2016, an liƙe ƙwayoyin ajiyar da dalma a jikin bod. Daga 2018 Apple ta sa wa kwamfutocinta na tafi-da-gidanka ƙwayar T2, daga 2020 kuma M1 da magadanta, waɗanda ke kulle bayanan da mabuɗin da ke cikin ƙwayar kanta. Ko an ɓamɓaro ƙwayoyin ajiyar, abin da za a karanta shirme ne. To, a nan maganarmu ta farko ta juya. Rumbun hatsin ya koma cikin zauren da ya rushe, kuma ba wata ƙofa sai a tayar da zauren. Tilas a gyara wannan bod ɗin da kansa, ko da zai kama na sa'a ɗaya ne. Al'adar canja bod, wadda ba ta da illa a tsohuwar kwamfuta, a nan jefar da bayanan ne gaba ɗaya, kuma mai kwamfutar ba zai sani ba sai an miƙo masa ita tana aiki fes, ba komai ciki.

Kullen sirri bai tsaya ga Apple ba. Windows tana da BitLocker tun 2007, kuma daga sabuntawar Windows 11 ta 2024 an faɗaɗa kunna shi kai tsaye a sababbin girke-girke, ta yadda mutane da yawa rumbunsu a kulle yake ba su sani ba. Mabuɗin yana ɗaure da wata ƙwayar tsaro a jikin bod. Idan aka kai rumbun wata kwamfuta, za a nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Galibi yana ajiye cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shiga kwamfutar, ko a wurin ma'aikatar da ta raba ta. Matsalar da ke tasowa a wurinmu ita ce, sau da yawa wanda ya fara shiga ɗin yaron shago ne, ko ƙanen mai ita, da adireshin imel da kowa ya manta. In babu waɗannan lambobi, babu kamfanin da zai buɗe rumbun, kome kuɗin da aka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duba mabuɗin da rubuta shi a takarda aikin minti biyar ne muddin kwamfutar na da rai.

5. Bayan an ceto

Yawan fayilolin da manhaja ta lissafa ba shi ne shaidar nasara ba. Fayil yana iya fitowa da sunansa da nauyinsa daidai alhali cikinsa sifili ne, ko rabinsa na wani ne. Saboda haka kafin a biya, kafin kuma a yar da tsohon rumbu ko a yi masa fomatin, mai abu ya buɗe muhimman fayilolinsa da kansa, ya kai ƙarshen kowane babi, ya saurari kowace hira daga tsakiya da kuma ƙarshe. Ya kuma tuna cewa wanda ya yi masa aikin ya ga komai, har da hotunan iyali da sakamakon ɗalibai da maganganun da dattawa suka faɗa bisa amana. Ya dace a share kwafin da ya rage a wurinsa a gaban mai shi.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da masu rubutu da Hausa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, yawancinmu mun riƙa samun harufa masu lanƙwasa ta hanyar fon na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan gurbin wasu alamomi na maɓallai. Kundin da aka buga da irin wannan fon, idan aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da shi, sai a ga baka da sanda da wasu alamomi sun cika tsakiyar kalmomi, mai shi ya ɗauka ceton bai yi ba, har ya fara neman wanda zai sake buga masa shafi ɗari uku. Fayil ɗin lafiyarsa lau. Fon ɗin yana nan cikin jakar Fonts da ke ƙarƙashin jakar Windows ta tsohon rumbu, sai a kwafo shi tare da kundin a girka a sabuwar kwamfutar, harufan su koma mazauninsu.